Hambali Direba da Tsoho Mai Lema

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Hambali Direba. Ku da ba ku san shi ba kun huta, mu da muka san shi kunnuwanmu sun sha wuya. Tasi yake ja, wata ƙwaraɓaɓɓiyar mota ta wani ɗan kasuwa, wadda ƙofar bayanta sai da igiya take rufuwa. Amma in ya zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon Isuhu Tela ya ɗauko labarin tuƙi, sai ka rantse jirgin sama yake ja.

Shi ne ya taɓa tahowa daga Legas da ribas saboda giyar gaba ta ƙi shiga. Shi ne ya taka birki saboda hawainiya, ya jira ta gama yanga ta tsallake titi, fasinja suna ta zaginsa. Shi ne ke hango allura a kan kwalta yana gudun ɗari da ashirin. Kuma duk labarin da ya ɗauko, wuri ɗaya yake sauke shi.

"Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da sitiyari," in ji shi, yana dukan ƙirji, "hukuma ba ta taɓa rubuta sunana ba. Ko 'faka' ba a taɓa ce mini ba. In sun hango ni ma sara mini suke yi."

Isuhu Tela ba ya ɗaga kai daga keken ɗinki, sai dai ya ce, "Bara ai ashirin da biyu ka ce."

"Shekarun da na yi ina yaron mota ne ban haɗa ba."

To, Hambali yana da suruki, Baba Nalado, mahaifin matarsa Uwani. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, dattijo mai kunya irin ta mutanen da. Shekara goma sha huɗu da ba Hambali 'yarsa, bai taɓa kiran sunansa ba, "Malam" yake ce masa. Ko goro bai taɓa ɓarawa a gabansa ba. In suka yi kiciɓis a hanya, wannan ya durƙusa, wancan ya kau da kai, a gaisa kowa yana kallon ƙasa.

Baba Nalado yana da wata gona a bakin gari. Gari ya yi ta tafiya har ya cim mata, masu gini suka yi ta zarya, ya sayar. Sai ga bas sabuwa dal a ƙofar gidansa, mai cin mutum goma sha takwas, an lulluɓe ta da tamfol. Ran Lahadi ya aika aka kira Hambali. Hambali ya tuɓe takalma tun daga bakin zaure, ya durƙusa.

"Malam," in ji tsohon, idonsa na kan tabarma, "motar nan da ka gani a waje, ran Juma'a in an sauko daga masallaci zan miƙa maka makullinta. Kyauta na ba ka, saboda jikokina. Ban zaɓe ka don komai ba sai don abin da nake ji ana faɗa, wai hukuma ba ta taɓa kama ka da laifi a kan hanya ba. Rayukan mutane za ka riƙa ɗauka, shi ya sa."

Wai ana faɗa! Wa ke faɗa? Ai mai faɗar shi ne durƙushe a gabansa.

Daga ran nan majalisa ba ta sake samun lafiya ba. Hambali ya zaɓi rubutun da za a yi a bayan bas. Ya zaɓi irin hon ɗin da za a sa mata. Ya rarraba mana kujeru, ya ce ni zan riƙa zama a gaba in za mu ɗaurin aure. Washegari Litinin ya tafi wurin mai tasin ya ce masa ya nemi wani direba daga Juma'a, har da ba shi shawarar ya sayar da akwalar wa masu gwangwan. Ƙiris ya rage ya ƙona gadar da ya hau, ko ma in ce ya riga ya ƙyasta ashana.

Sai ranar Talata ta zo.

Damina ce, an kwana ana ruwa, da safe ma ana ɗan yayyafi. Kwatocin titin asibiti sun cika maƙil, baƙin ruwa sai tafiya yake da ledoji. A satin ne aka yi sabon zane a titin, daidai gaban majalisarmu, irin zanen nan fari-fari da ake yi don masu tafiya a ƙasa su tsallaka. Doka ta ce in mutum ya sa ƙafa a kai, mai mota ya tsaya. Aka kuma ajiye wata jami'ar kula da hanya a wurin, doguwa, ba ta dariya, Lantana sunanta.

Muna zaune a ƙarƙashin rumfa sai muka ji hon daga nesa. Pim-pim-piiim! Kowa ya san hon ɗin Hambali, kamar kiɗan biki yake danna shi. Ga shi nan tafe a guje. Hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗayan a waje yana ɗago mana. Kansa kacokan ya juyo wajenmu, haƙora a waje, yana so ya tabbatar mun ga mai bas na gobe.

Mu muna kallonsa, shi yana kallonmu. Titi kuwa babu mai kallonsa.

Sai muka ji salati. Muka ga wata baƙar lema ta tashi sama ta can ɗaya gefen motar. Sai kuma tinjim! Ruwan kwata ya yi tsalle. Motar ta kare mana, ba mu ga ko wane ne ba. Hambali dai ya wuce fiii, sai da usur ɗin Lantana ya tsaga unguwa sannan ya taka birki, ƙiiii, can gaba kusa da mai gasa masara.

Muka bazama. Lantana ta riga mu isa.

"Direba, lasin."

Hambali ya leƙo ta taga, ya dube ta sama da ƙasa. "Ni? Ƙanwata, kin san ni kuwa?"

"Yanzu zan san ka. Lasin."

"Me na yi?"

"Mutum yana kan zane, ka ƙi tsayawa. Ka jefa bawan Allah a kwata."

Hambali ya fito, ya gyara hula, ya waiga. Mu ma muka waiga. Wayam! Babu kowa a kan zanen, babu kowa a cikin kwata. Ruwan ne kawai ke ta kaɗawa. Wanda ya faɗa ya fita ta ɗaya gefen ya shige lungu, ko ƙeyarsa ba a gani ba.

Ai kuwa Hambali ya samu abin da yake so. "Ina mutumin? Nuna mini shi! Jama'a, kun ga mutum? Aljani kika gani, ko yunwar safe ce?"

Lantana ta zaro jan biro. Ta dafa littafinta a kan motar, ta rubuta, ta yage takardar tara, ta miƙa masa. "In ka yarda, ka je ofis ka biya. In ba ka yarda ba, alƙali yana zama ranar Alhamis."

Hambali ya riƙe takardar da yatsa biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera. Ga sunansa nan ɓaro-ɓaro, da jan biro. Isuhu ya leƙa ta kafaɗarsa ya karanta, ya ce, "Allahu akbar. Ashirin da bakwai ta tsaya ke nan."

Gaskiya na tausaya masa a lokacin. Ba tarar ce ta dame shi ba. Rabin unguwa sun ga an rubuta shi, kuma labari a unguwarmu ba ya kwana a hanya. In ya biya, ya amsa laifi ke nan, kuma dalilin da ya sa aka ce za a ba shi bas ya rushe kwana uku kafin makulli. Ga tasi ya riga ya yi mata saki uku.

Ya ja Isuhu gefe. "Za ka yi mini shaida. Ka ce babu kowa a titin."

"Ni idona na kan allura."

"Ai tsaye kake kana ɗago mini hannu!"

"To, idona na kan hannunka."

Ya juyo wajena. Na ce masa ni dai na ga lema, kuma ban taɓa ganin lema ta fita yawo ita kaɗai ba. Ya ce mu duka 'yan baƙin ciki ne, kuma ba ya bukatar kowa.

Da la'asar ya yi wanka ya tafi gidan surukinsa, don ya riga masu gulma. Shi ya ba mu labarin da bakinsa. Ya ce ya durƙusa ya zayyana wa tsohon yadda wata yarinya sabuwar ɗauka ta yi masa sharri a kan titi fayau, babu ko akuya. Baba Nalado ya saurara har ƙarshe, bai ɗago kai ba. Sannan ya ce, "Malam, da ka je ka biya ka huta. Ɗan Adam ajizi ne. Wanda ya ce na yi kuskure ai bai faɗi ba."

Kun ji fa, an buɗe masa ƙofa har da taga. Amma wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

"Baba, in biya abin da ban yi ba? Wallahi sai dai kotu ta raba mu. Sai yarinyar nan ta ba ni haƙuri a gaban jama'a."

"To," in ji tsohon. "Yaushe ne zaman?"

"Jibi, Baba."

"Zan zo in ji."

Hambali ya dawo majalisa yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba. Surukinsa da kansa zai zo ya ga yadda ake wanke mai gaskiya! Muka ce ya ɗauki lauya. Ya ce lauyan me, shi da ya taɓa kayar da lauyoyi uku da baki a tashar mota. Ya gayyace mu duka, har mai gasa masara. Ya aro babbar riga, ya kai hula wanki.

Ranar Alhamis muka ɗunguma. Kotun tafi-da-gidanka ce, a ƙarƙashin wata rumfar kwano a harabar ofishin masu kula da hanya. Teburi ɗaya, bencina shida. Alƙalin ɗan ƙaramin mutum ne mai tabarau, maganarsa a hankali kamar ba ya so ya tashi mai barci. Baba Nalado ya riga mu zuwa, yana can a bencin ƙarshe da carbinsa.

Aka fara da wani mai tifa. Ya ce ya yi laifi, aka sallame shi. Aka kira mai adaidaita, shi ma ya ce a yi masa afuwa. Hambali yana ta tsaki yana cewa matsorata ne ke ɓata sana'a. Sai aka kira shi. Ya miƙe, ya saɓa hannun riga, ya yi gyaran murya har sau uku.

"Ranka ya daɗe, ni da kake gani, shekara talatin ina riƙe da sitiyari."

Isuhu ya raɗa mini, "Ta ƙaru da uku a hanya."

"Na shiga Legas, na shiga Fatakwal, na shiga Agadas. Akwai ranar da giyar gaba ta ƙi…"

Alƙali ya ɗaga biro. "Malam Hambali, tambaya ɗaya ce. Ranar Talata, da ka iso zanen, akwai mutum a kai ko babu?"

"Ko ƙuda babu, ranka ya daɗe."

"Ka duba da kyau?"

"Ni? Idona ƙyam a kan titi. Ko ƙiftawa ba na yi in ina tuƙi. A tambayi kowa."

Alƙali ya dubi Lantana. Ta taso, ta ce tun da aka kai ta wurin direbobi ke musa mata, shi ya sa take kafa wayarta a kan turke tana ɗaukar duk motar da ta iso zanen. Ta lalubo wurin, ta tsayar da hoton, ta miƙa. Alƙali ya gyara tabarau. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce Hambali ya matso. Mu ma muka miƙa wuya.

Wayyo Allah! Ga motar Hambali a tsakiyar zane. Ga hannunsa a waje. Ga kansa ya juya gefe gaba ɗaya, baki har kunne. A gaban motar kuwa ga wani mutum a sama, ƙafafu a wage, farar riga ta cika da iska, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Baƙar lema ta rufe masa kai da fuska ruf.

"Waɗannan haƙoran naka ne?" in ji alƙali.

Hambali ya saci kallon bencin ƙarshe. Tsohon yana nan yana jan carbi, kansa a sunkuye. Ni na ɗauka a nan zai saduda. Ina! Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Sai gani muka yi ya tafa hannu ya fashe da dariya.

"Au! Wannan? Wai wannan ake nufi da mutum? Ranka ya daɗe, ai da an ce mini shi ne, da tuni an gama magana. Mahaukaci ne!"

"Ka san shi ke nan?"

"Kamar yunwar cikina."

"Ɗazu ka ce ko ƙuda babu."

"Masu hankali nake nufi, ranka ya daɗe. Wannan ba a lissafa shi. Aikinsa ke nan, ya laɓe a bakin titi, in ya ga mota ya daka tsalle. Duk direban garin nan ya san shi."

"Yaya sunansa?"

"Mahaukaci yana da suna ne? Mai Lema ake ce masa."

"A ina yake zaune?"

"A ƙarƙashin gada. A bola yake kalaci. Bara ya ciji wani ɗan acaɓa a kunne, sai da aka yi ɗinki bakwai. Ni ne ma nake tausaya masa, in na ci tuwo na rage in miƙa masa."

Can baya na ji an yi tari, ƙasa-ƙasa. Ban kawo komai a raina ba. Hambali kuwa ya samu hanya ta miƙe, ya saki birki. Ya ɗauki wayar daga gaban alƙali ya ɗaga mana ita.

"Jama'a, ku duba da idonku. Dubi ƙafafu kamar na zalɓe. Mai hankali zai yi irin wannan tsallen? Tsofai-tsofai da shi! Kuma kwatar nan da kuka ga ya faɗa, ba ni na jefa shi ba. Wurin wankansa ne. Kullum da safe sai ya shiga."

Mai gasa masara ya tuntsire da dariya, ɗan sandan kotu ya daka masa tsawa.

"Ba shi da dangi ne?" in ji alƙali.

"Sun gudu sun bar shi. To su ma ɗin ai sai a hankali. Abin a jininsu yake, ranka ya daɗe, gado ne. 'Ya'yansa da jikokinsa duk haka suke, ba mai cikakken saiti ko ɗaya. Ni ko kyauta aka ba ni 'yar gidan, ba na so." Ya juya ya nuna bencin ƙarshe da hannu biyu, cikin ladabi. "Ga surukina can, dattijon arziki. Shekara goma sha huɗu muna tare, ya san ba na ƙarya."

Alƙali ya rubuta wani abu, ya ajiye biro. "Malam Hambali, abin da ka faɗa yanzu, za ka iya rantsuwa a kansa?"

"A kawo ruwan alwala!"

Aka kawo buta. Hambali ya tuɓe babbar riga ya miƙa mini, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya tsuguna a bakin rumfa. Ya karkata butar ke nan, sai muka ji murya daga baya.

"Ranka ya daɗe, a karɓi butar nan."

Baba Nalado ne a tsaye. Duk zamana a unguwar ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan, kuma ko a ran nan ɗin bai dubi inda Hambali yake ba.

"Baba, kana da magana ne?" in ji alƙali.

"Ina da ita, ko da yake ban so ba. Mutumin da ke cikin hoton nan, ni ne."

Butar ta suɓuce, ƙwal! Ruwa ya malale a kan ƙafar Hambali, bai ko motsa ba.

"Asibiti na fito, an auna mini jini," in ji tsohon. "Na sa ƙafa a kan zanen, sai ga mota. Na gane ta tun daga hon. Da na faɗa, sai na ce in na tsaya, jama'a za su taru a ce mijin 'yata ya jefa ni a kwata. Wannan abin kunya ne gare shi, abin kunya ne ga yarinyar. Sai na fita ta baya na bi lungu. Ko a gida ce musu na yi santsi ne ya kwashe ni. Takalmina ɗaya yana cikin kwatar har yau, in kotu tana so a je a lalubo."

Lantana ta dafe baki. "Wallahi shi ne. Muryar salatin ce."

"Na haƙura da kwata," in ji Baba Nalado. "Na haƙura da gada, da bola, da kunnen ɗan acaɓa. Har na jikokina na haɗiye. Amma ba zan zauna ina kallo uban jikokin nan ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba. Iyakar maganata ke nan."

Ya koma ya zauna. Ni dai dariya tana cina, kunya tana cina, na rasa wadda zan fara yi. Isuhu ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa sai rawa suke.

Hambali fa? Daga tsugunen da yake, bai tashi ba. Da rarrafe ya juya ya fuskanci bencin ƙarshe. Ya fizge takalmansa ya ajiye gefe, a tsakiyar kotu, kamar ya shiga zaure. Gumi ya wanke shi sharkaf.

"Baba… lemar ce, Baba. Lemar ce ta…"

"Malam Hambali," in ji alƙali, "nan za ka fuskanto, ba a gama da kai ba." Ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa, mun san dariya yake dannewa. "Yanzu akwai mutum a kan zanen ko babu?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

"Mai hankali?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Ya fi kowa."

Aka tabbatar masa da tara, aka ƙara masa ta ɓata wa kotu lokaci, aka ce ya yi sati guda yana zuwa ofis ana koya masa alamomin hanya tare da sababbin 'yan koyo. Magatakarda ya buɗe wani ƙaton littafi, ya kira sunansa da ƙarfi, har da na mahaifinsa da na unguwa, ya rubuta. Kafin mu fito daga harabar, Baba Nalado ya sulale ya tafi.

Labari ya riga mu isa gida. Uwani ta tare shi a tsakar gida, ta ce tunda ba ta da cikakken saiti, kada ya yarda ya ci girkinta, ba a san abin da za ta zuba ba. Ran nan a wurin mai shayi ya ci abinci, kuma ko labari ɗaya bai bayar ba.

Amma kun san Hambali. Da gari ya waye Juma'a, sai ga shi yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, wai mu raka shi ban haƙuri. Muka ce wannan kam ya kamata. Aka sauko daga masallaci, mu biyar muka nufi gidan Baba Nalado. Bas tana nan a ƙofar gida cikin tamfol. Hambali ya wuce ta kansa a ƙasa, amma na ga ya saci kallon tayoyin.

Muka yi sallama, muka zauna a zaure. Hambali ya zube can bakin ƙofa. Isuhu ne ya yi magana a madadinmu, kuma ya yi ta da kyau. Ya ce ɗa ne ya yi kuskure, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, a dubi Allah a dubi yara. Hambali ya matso hawaye, ya ce sharrin Shaiɗan ne da na baki, ya tuba, ya bi Allah ya bi Baba.

Tsohon ya saurara, ya gyaɗa kai. "Ba komai, Malam. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya kiyaye gaba."

Muka shafa fatiha. Muka fara laluben takalma. Da Hambali mai wayo ne, da ya tashi ya bi mu, ya bar maganar ta huce ko da wata guda ne. Amma ina! Jin an ce an yafe, sai fuskarsa ta washe. Ya gyara durƙuso, ya sosa ƙeya, ya leƙa waje, ya dawo da kai.

"To Baba… yau ce dai Juma'ar. Na ce ko maganar… makullin nan?"

Isuhu ya taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Baba Nalado ya sa hannu a aljihu. Muka ji ƙarar makulli, caras. Hambali ya miƙa hannu biyu, har da sunkuyar da kai. Tsohon ya fito da makullin, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya dube shi kamar yana tausayinsa. Sannan, karo na farko a shekara goma sha huɗu, ya ɗago ido ya kalli Hambali tsakiyar fuska.

"Malam, na so in ba ka. To amma jiya ka yi bayani a gaban alƙali, jama'a duk sun ji. Malamai kuwa sun ce mahaukaci ba ya kyauta, in ma ya yi ba ta halatta ba."

Ya mayar da makullin aljihu, ya daddanna bakin aljihun.

"Sai ka jira in warke."